Sanyi ne ke nutsar da ruwan teku ko gishiri?

Malam Garba: Jama'a, ni dai ina kan bakana. Sanyi ne ke tafiyar da ruwan ƙasan teku. Ruwa in ya yi sanyi sai ya yi nauyi ya nutse, shi ya sa ake samun nutsewar a kusa da Girinlan da Antaktika. Gishiri ɗan rakiya ne kawai.

Hadiza: Allah gafarta malam, to arewacin Fasifik fa? Can ma sanyi ne mai ratsa ƙashi, amma ruwan saman ba ya nutsewa zuwa ƙasa. Ruwan sama ya tsarma shi, gishirinsa bai wuce giram 33 a kowane kilo ba, na arewacin Atlantika kuwa ya kai wajen 35. Wannan 'yar tazarar ce ta raba su.

Malam Garba: Giram biyu kacal, Hadiza?

Hadiza: Wallahi kuwa, malam. Na gwada da hannuna. Na cika kofin gilashi da ruwan sanyi, na jiƙa gishiri a ruwan ɗumi, na ɗiga masa shuni, na tsiyaya a hankali ta gefen kofin. Ɗumin bai hana shi gangarawa ba, ya je ya kwanta a gindi, shuɗi a ƙasa, fari a sama.

Injiniya Sani: Abin da ƙanwata ta gani a kofi shi ke faruwa a mashigin Jibralta, inda Bahar Rum ke haɗuwa da Atlantika. Rana na ƙafar da Bahar Rum, gishirinsa ya haura giram 38. Ruwan yana da ɗumin kusan digiri 13, amma ta ƙarƙashi yake fita, ya gangara ya bazu cikin Atlantika a zurfin wajen mita 1,000. Sai dai kada mu kwashe wa malam ƙafa gaba ɗaya. Ruwan da ya fi kowanne nauyi, wanda ke shimfiɗe a gindin tekuna, daga Antaktika yake zuwa, kuma sanyi ne ke fara aikin. Ruwan teku na daskarewa a wajen digiri 2 ƙasa da sifili. In ƙanƙara ta haɗu sai ta tofar da yawancin gishirinta cikin ruwan da ke ƙarƙashinta, shi kuma ya yi nauyi ya zarce ƙasa, kamar yadda ake gani a Tekun Wedel da ke gefen Antaktika.

Malam Garba: Ka ga ke nan sanyin ne ya jawo gishirin!

Injiniya Sani: A can, haka ne, malam. Amma tun 1961 masanin teku Henry Stommel ya nuna cewa in ruwan daɗi ya yi yawa a sama, nutsewar na iya raunana ko da sanyin na nan. Wannan ne ke hana ni sukuni game da narkewar ƙanƙarar Girinlan. Tun 2004 ake auna ƙarfin wannan zagayen na ruwan teku, wato nutsewarsa da tafiyarsa ta ƙasa, da na'urorin da aka jera a faɗin Atlantika.

Hadiza: Kuma ruwan da ya nutse yau kan yi shekara wajen 1,000 kafin ya sake ganin rana.

Malam Garba: Na sassauto kan maganar Fasifik, ba ni da amsarta. Amma Injiniya, wanda ya nutse ɗin, me ke ɗago shi?

Injiniya Sani: Iska, musamman mai kaɗawa kewayen Antaktika, da kuma cika da janyewar teku da ke dama ruwan a kan duwatsun ƙarƙashi.