"Sannu ba ta hana zuwa": wace kalmar Ingilishi ce ta dace da sannun nan?

Mushen (malamin) Ingilishi, unguwar Zariya, Maraɗi:
Jama'a, ƴan koleji in an ba su "Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba" su juya ta Ingilishi, kusan duka slowly suke sawa. Ni ban gamsu ba. Slowly saurin tafiya kawai take aunawa, ba ruwanta da hankalin mai tafiyar. Amalanken da ya taso daga Tibiri slowly yake tafiya, ko da mai shi barci yake bisa kaya.

Malama, Mokoyo:
Mushe, gaskiyarka. Sannu guda tamu, Bature ya raba ta gida-gida. Mai ɗauke da kwandon ƙwai carefully yake tafiya, tsoron ɓarna ke gare shi. Uwa mai shafa wa jinjiri mai gently take yi, ba ƙarfi a hannunta. Ruwan Gulbi in damina ta wuce gradually yake janyewa, yau kaɗan gobe kaɗan. Manomin da ya kama kunya, bai gudu bai tsaya ba har ƙarshen gona, shi ne steadily. Ni ita na zaɓa, don karin maganar ɗorewa take yabo.

Dattijo, Bagalam:
Ɗiyata, kin bar wutsiyar maganar. "Sai dai a daɗe ba a je ba" ta amsa cewa akwai jinkiri, steadily kuwa ba jinkiri a cikinta. Mota tana iya bin hanyar Dan Isa da gudun kilomita 100, in dai ba ta ƙarawa ba ta ragewa, steadily ce. Shi ya sa masu harshen suke haɗa biyu su ce slowly but surely. Steadily ɗinki ki kai ta wurin "Sannu-sannu kwana nesa", can ta zauna daram.

Tela, Sabon Gari:
Baba, a duba kishiyarta ma, "Sauri ya haifi nawa". Kada a sa quickly. Quickly hanzari ce, ba laifi a cikinta, har yabo ake da ita. Saurin da ke haihuwar nawa hastily ne, wato gaggawa: a sa almakashi a shadda kafin a sake duba awo, wuya ya fito ƙarami, a koma farke ɗinki. In kuma ko tunanin abin da zai biyo ba a yi ba, garaje ke nan, rashly.

Mushen Ingilishi:
Madalla. Ga masu rubutawa: wannan -ly aikin -ment na Faransanci take yi, kamar lent da lentement. Hasty da steady, y ɗinsu ke komawa i. Gentle tana zubar da e ta zama gently. Careful l guda gare ta, carefully biyu. Babban tarko shi ne hardly, ma'anarta da ƙyar. "He works hard" mai himma ne, "he hardly works" malalaci ne, a rubuta wa mai neman aiki ta biyun an kashe shi. Lately kuma kwanan nan ce, ba latti ba. Fast ba ta ɗaukar -ly sam.

Malama, Mokoyo:
Baba, na karɓi gyaran jinkirin. Amma in direba ake faɗa wa karin maganar a tasha, carefully ake nufi, don hatsari ake jiye masa.