Me ya sa ba a nuna Clark Kent cikin cikakkiyar rigar Superman a ƙarshen Smallville ba?

Ɗan Samaru:
Assalamu alaikum. Na kammala kallon Smallville, shirin talabijin na Amurka kan ƙuruciyar Superman, a fayafayan da na saya a kasuwar Sabon Gari, kuma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Shirin ya shafe shekara goma, daga 2001 zuwa 2011, yana kwaɗaita wa mai kallo ranar da Clark Kent zai zama Superman, amma da kashi na ƙarshe ya zo ba mu ga Tom Welling, jarumin da ya fito a matsayin Clark, a tsaye cikin rigar daga sama har ƙasa ba, sai fuskarsa a kusa, sai kuma wani ɗan mutum can nesa yana shawagi. Shin ƙarancin kuɗi ne ya jawo haka, ko da gangan aka yi?

Malam na Tudun Wada:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Da gangan aka yi. Tun farko waɗanda suka ƙirƙiri shirin, Alfred Gough da Miles Millar, sun kafa ƙa'idar cewa Clark ba zai sa rigar ba kuma ba zai tashi sama ba, domin labarin da suke son bayarwa na yaro ne da ya girma a gidan gona yana koyon yadda zai ɗauki nauyin baiwar da yake da ita. Ko bayan sun bar shirin a 2008, Welling ya ci gaba da riƙe wannan ra'ayi, shi ya sa aka haɗa hotunan tashin nasa da kwamfuta. Ni dai a ganina sun yi daidai, domin lokacin da ya hau rufin ginin jaridar Daily Planet, inda yake aiki, ya buɗe gaban rigarsa, harafin S ya bayyana a ƙirjinsa, kiɗan John Williams na fim ɗin Superman na 1978 ya tashi, labarin Clark Kent ya riga ya kai inda za shi.

'Yar Kongo:
Malam, a gafarce ni, amma ban gamsu ba. Alkawari kaya ne, kuma wanda ya yi haƙurin kashi sama da 200 ya cancanci a nuna masa abin da aka daɗe ana yi masa ishara da shi. Awa biyu tashar CW ta ware wa kashin a ranar 13 ga Mayu, 2011, amma aka gama da babban mugun nan Darkseid cikin ƙiftawar ido, aka ture duniyarsa ta Apokolips da ta tunkaro tamu kafin mai kallo ya gama jin tsoronta. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne Lex Luthor, abokin Clark da ya koma abokin gabarsa. Michael Rosenbaum, wanda ya fito a matsayin Lex, ya dawo bayan shekara uku da barin shirin, kuma zantawarsa da Clark a kangon gidan Luthor ita ce mafi nauyi a kashin baki ɗaya, sai ga shi Tess, 'yar'uwar Lex, ta shafe wa Lex duk abin da yake tunawa kafin ta cika. Ke nan abota da gabar da aka gina cikin shekara bakwai sun tashi a banza.

Ɗan Samaru:
Na gode, Malam, yanzu na fahimci dalilin ɓoye rigar. Game da Lex kuwa, ina tare da ke, Malama. Na san marubutan suna so ne labarin ya dace da na littattafan zane, inda Lex bai san sirrin Clark ba, amma da sun bar shi yana sane ya kuma zaɓi yin shiru, da gabar tasu ta fi ratsa zuciya.