Takardar hoto ta ce L4 da L5, likita ya ambaci aiki, don Allah ku ba ni shawara

Baban Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da shagon hatsi a Dawanau, gadon mahaifinmu ne, Allah ya jiƙansa. Da ni da yayana muke riƙe da shi, sai bara ya ce a raba a ba shi kasonsa zai koma Abuja. Kawunmu ya shiga tsakani, Hajiyarmu ta yi kuka, amma ya dage, aka raba. Jari ya ragu, yaran shago suka watse saboda ba na iya sallamarsu kamar da, shi kuma ko waya bai cika ɗauka ba yanzu, ga kuɗin makarantar ƙannenmu duk ya dawo kaina. Shi ya sa idan mota ta zo ni da kaina nake kama buhu da ɗan dako ɗaya.

Bayan ƙaramar salla na sunkuya zan ɗaga buhun masara, na ji wani abu ya tsinke min a kwankwaso. Tun daga nan ciwon yake bi ta bayan cinyar hagu, ya gangara ƙwauri har saman ƙafa da babban yatsa. Ruku'u ya gagare ni. Idan na yi atishawa sai na dafa bango. Kwanan nan ma silifas yana zame min a wannan ƙafar ban sani ba.

Na je wurin mai ɗori, an yi min ƙaho, daga baya na je asibiti aka yi hoton MRI. Likita ya duba ya ce matsalar tsakanin L4 da L5 take, idan ba ta yi sauƙi ba sai an yi aiki. Kafin in yi tambaya an kira na baya. Mene ne L4 da L5 ɗin nan? Ƙashin ne ya karye? Kuma gaskiya ne duk wanda aka yi wa aikin baya a keken guragu yake ƙarewa? Ko barci ba na iya yi don tunani.

Malam Tsoho:
Wa alaikumus salam. Ɗana kwantar da hankalinka, na koyar da wannan darasin a sakandare har na yi ritaya. Gadon bayan mutum jerin ƙananan ƙasusuwa ne guda 33. Bakwai a wuya, kuma ko raƙumin dawa da tsawon wuyansa bakwai ɗin gare shi, ikon Allah. Sunkuyar da kanka ka shafa ƙasan ƙeyarka, tudun da ka ji shi ne na bakwai. Sai 12 a bayan ƙirji, kowanne haƙarƙari biyu ne ke manne da shi, dama da hagu. Sai 5 a ƙugu, su ne mafi kauri domin su ke ɗauke da nauyin gangar jiki. Su likitoci ke ƙirgawa L1 zuwa L5 daga sama. A ƙasansu akwai 5 da suke haɗewa su zama ƙashi ɗaya idan mutum ya girma, sai na ƙarshe, yawanci 4, can inda ake zama.

Riƙe ƙugunka da hannu biyu. Daidai saman ƙasusuwan da ka dafa, idan ka ja layi zuwa tsakiyar baya, nan ne wajen L4. Tsakanin ƙashi da ƙashi akwai faifan guringuntsi, guda 23 a duk bayan, gefensa mai tauri, cikinsa mai laushi. Naka ne na tsakanin na huɗu da na biyar ya bulluƙo ya danne jijiyar da ke tafiya ƙafa. Ƙashinka bai karye ba. Maganinsa ɗaya ne: ka shimfiɗa tabarma a kan siminti ka kwanta wata guda cur, kada ka motsa sai don lalura. Kuma kada ka kuskura ka bari a sa maka wuƙa a baya. Na faɗa maka.

Baban Ilham:
Allah ya saka da alheri Malam, yau na fara gane abin da ke jikin takardar. Amma wata guda a kwance, wa zai buɗe shago? Kaka ta kusa.

Ɗan Kurmi:
Wallahi abin da ke ƙona min rai ke nan. Ka haɗa kuɗin hoto da ƙyar, ka bi layi tun asuba, a sallame ka da kalma biyu da Turanci. Haka aka yi min a kan idon mahaifiyata, sai a bakin ƙofa wata nas ta tausaya ta yi min bayani. Talaka dai ba shi da gata a ƙasar nan.

Hajiya Babba:
Sanyi ne ya kama ka, yaro. Duk masu zaman kasuwa a kan siminti shi ke damunsu. Ka samu man zafi da citta, ka daina wanka da ruwan sanyi. Malam kuma da yake cewa ya kwanta a siminti, ai ƙara masa zai yi.

Maman Sadik:
Sannu Baban Ilham, Allah ya ba ka lafiya. A sashen gashin ƙashi nake aiki. Ƙirgen da Malam ya yi daidai ne, amma kwanciyar wata guda ba na goyon bayanta ko kaɗan. Bayan kwana ɗaya ko biyu na tsananin ciwo, ana son mutum ya riƙa tashi yana ɗan takawa, dogon kwanciya sai ya saki tsokar da ke tallafe da bayan. Mafi yawan masu irin wannan suna samun sauƙi cikin mako 6 zuwa 12 ba tare da aiki ba.

Abin da ya tsaya min a rai maganar silifas ce. Jijiyar da wannan faifan ya fi dannewa ita ce ke ɗaga babban yatsa da tafin ƙafa sama. Idan takalmi yana zamewa ba ka sani ba, ƙarfi ne ya fara raguwa, ba ciwo kawai ba. Ka faɗa wa likitan wannan? Gwada tafiya a kan dunduniya ka gani ko ta hagu tana faɗuwa. Sannan ka amsa min: fitsari da bayan gida suna zuwa yadda suka saba? Akwai inda ya mutu ba ka ji a tsakanin cinyoyi ko wajen zama? Idan akwai ɗaya daga ciki, a daren nan za ka tafi asibiti, ba gobe ba.

Malam Tsoho:
'Yata, ku yaran yanzu komai asibiti. Maƙwabcina an yi masa aikin baya, har ya rasu bai sake takawa ba. Laka ce a wurin, ana taɓa ta an gama.

Maman Sadik:
Allah ya gafarta Malam, ban san a wace gaɓa aka yi wa maƙwabcinka aiki ba, Allah ya jiƙansa. Amma a babban mutum laka tana ƙarewa ne wajen L1 zuwa L2. Daga nan ƙasa zaren jijiyoyi ne suke sauka kamar jelar doki, don haka a L4 da L5 babu laka. Kowane aiki da haɗarinsa, ban ce babu ba, amma jijiyar da ta daɗe a danne ita ma tana iya ƙin dawowa. Ban ce a yi masa aiki ba, cewa na yi ya koma a duba ƙarfin ƙafar. Ga Asibitin Ƙashi na Dala a kusa da shi.

Ummu Yasir:
Don Allah ka rame? Kana zazzaɓi ko gumin dare? Yayata haka ta fara da ciwon baya, dangin mijinta suka ce sammu ne, suka hana mu kai ta ko'ina, uwar mijin har gori ta yi mana wai mun raina su. Sai da ƙusumbi ya fito mata aka gane tarin fuka ne ya shiga ƙashin baya. Ta sha magani kusan shekara, kyauta ake ba da shi a asibitin gwamnati, amma bayan bai miƙe ba. Har yau ba na gaisawa da matar nan.

Baban Ilham:
Ban rame ba Hajiya, kuma ni na san ranar da abin ya same ni. Maganar mai ɗori da wasu ke min faɗa ta saƙo, mutumin nan shi ya ɗora hannun mahaifinmu ya warke sarai, ba zan ƙi zuwa wurinsa ba. Ya taka min bayan na ji ya yi ƙara, kuma ranar na samu barci. Kemis ya haɗa min diklofenak da wani, idan na sha safe da dare ina iya wuni a shago. Buhu kuma ba kullum nake ɗagawa ba, sai an rasa mai kamawa.

Maman Sadik:
Ɗori na karaya ne, kai kuma ba ka da karaya, kada a sake taka maka baya. Diklofenak kullum yana cin ciki yana taɓa ƙoda. Wane ne ɗayan maganin, tiramol ne? Kuma har yanzu ba ka amsa min maganar fitsari ba.

Abu Hafsa:
Game da ruku'u, ɗan uwa, kada ka takura wa kanka. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa Imrana ɗan Husaini ya yi salla a tsaye, idan bai iya ba a zaune, idan bai iya ba a kishingiɗe. Hadisin yana cikin Bukhari.

Malam Tsoho:
Ni dai na gama magana. Tabarma, wata guda, ka dawo ka ba ni labari.

Baban Ilham:
Na gode muku duka. Maman Sadik, na gwada tafiyar dunduniyar, ta hagu ba ta tsayawa sosai, amma ina ganin gajiya ce don na wuni a tsaye. Gobe akwai motar gero da za ta sauka, idan na sallame ta zan ga yadda za a yi. Wani ya ce akwai bel ɗin ɗaure ƙugu da ake sayarwa a Sabon Gari, akwai wanda ya san kuɗinsa?