An ce in bari a duba ƙwayoyin gado a tsokar da aka gutsura, wa ya taɓa?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan'uwa. An tabbatar min da kansar bakin mahaifa. Likita ya ba ni takarda in sa hannu, wai za a duba ƙwayoyin gadon da ke aiki fiye da kima a tsokar da suka gutsura, ko za a gane ciwon mai bazuwa ne. Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya ba mu labari.

Anti Bilki: Wa'alaikumus salam, Allah ya ba ki lafiya ƙanwata. Ni na sa hannu, kuma tun farko suka ce bincike ne, kar in jira sakamako. Abin da ya tsara maganina hoton MRI ne da PET. Da aka ga ciwon ya kai kaluluwar ƙugu, sai aka ce mataki na 3C, aka fasa tiyata aka koma gashi da na'ura (radiotherapy) da ƙarin ruwan maganin kansa na cisplatin duk mako.

Ɗan Lab: Ni a ɗakin gwaji nake aiki. Tsokar tana zuwa mana a daskare cikin kakin farafin, mu yanka ta siriri, mu ciro RNA, wato saƙon da ke nuna waɗanne ƙwayoyin gado ne ke aiki. Ƙwayar cutar HPV, musamman nau'i na 16 da 18 da ke haddasa kusan kashi 70 cikin 100 na wannan kansar, tana fitar da wasu sinadaran furotin, E6 da E7, su kuma su kashe p53 da Rb, masu taka wa ƙwayar halitta birki. Abin da masu bincike ke nema shi ne jerin ƙwayoyin gadon da zai nuna tun da wuri wa ciwon zai kai wa kaluluwa. An wallafa jeri iri-iri, amma da yawa in an gwada su a kan wasu marasa lafiyar daban sai su ƙi tsayawa. Shi ya sa har yanzu ba a yanke magani da su.

Ummu Sadiq: Yayata kansar nono ta yi, aka yi mata gwajin Oncotype DX mai duba ƙwayoyin gado 21, har ta tsallake kemo. Da na mahaifiyarmu ya zo na bakin mahaifa na nemi irinsa, aka ce babu tukuna. Raina ya sosu wallahi.

Hajiya Turai: Nawa ciwon da ya dawo, wata alama a jikin ƙwayoyin ciwon mai suna PD-L1 aka duba, aka same ta, aka ƙara min pembrolizumab, maganin da ke taimaka wa garkuwar jiki ta yaƙi ciwon. Amma wannan zaɓen magani ne, ba hasashen bazuwa ba.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai. To Malam, in na sa hannu za a sake gutsurar wata tsokar ne?

Ɗan Lab: Galibi ragowar ta farko ake amfani da ita, amma ki tambaya kafin ki sa hannu. Ki kuma tambaya ko za a cire sunanki daga samfurin.