Me za mu kira shibari da Hausa?

Mai Fassara: Salamu alaikum jama'a, a taimaka. Ina fassarar wani shiri kan fasahohin Japan kuma gobe da la'asar zan miƙa, sai na cije a wuri ɗaya. Akwai inda aka nuna ajin 'yan koyo, manya ne dukansu, ana koya musu ɗaure mutum da igiya bisa yardarsa, suna ce masa shibari wasu kuma kinbaku. Shibari ɗauri kawai yake nufi, kinbaku kuma ɗauri tamau. Asalinsa daga hojojutsu ne, yadda jami'an tsaro na zamanin Edo, 1603 zuwa 1868, suke ɗaure wanda suka kama, daga baya ya koma zane da hoto da wasan dandali, wasu kuma tsakanin masoya. Me zan rubuta?

Ɗan Damagaram: Wa alaikumus salam. Ɗaurin Japan mana, ya wuce.

Baban Yara: A'a, ɗaurin goro. Duk wanda ya taɓa ganin huhun goro ya san yadda igiya take ratsawa ta nan ta ɓullo ta can har ta yi zane a jikinsa, ai shi ne wannan sak, ba sai mun je aro ba.

Mai Fassara: Baban Yara na yi tunaninsa, amma in Bahaushe ya ce an yi wa wane ɗaurin goro, ɓarawo ko mai laifi yake gani a ransa. Da hojojutsu ɗin zai fi dacewa. Su kuwa a ajin nan darasin farko ma shi ne ɗaurin da ba ya ƙara matsewa ko an ja igiyar, ana zagaya ta sau biyu a wuyan hannu a bar wurin da yatsa biyu zai shiga, sannan a ƙulle.

Anti Nas: To ɗaurin goro ya fita kenan. Kuma don Allah ƙanena duk abin da za ka rubuta kar kalmar zarge ta shiga, zarge shi yake matsewa in an ja, shi ne abin da ake hana su. Ni ɓangaren da ya fi damuna shi ne jijiya, akwai wadda take zagayo ƙashin damtse ta baya, igiya ta danne ta na ɗan lokaci sai hannu ya saki mutum ya kasa ɗaga wuyan hannunsa, wani sai ya yi makonni kafin ya dawo daidai. Shi ya sa suke ajiye almakashi a kusa, ba sa kai igiya wuya, ba sa barin wanda aka ɗaure shi kaɗai. Wannan ka fassara shi dalla dalla ya fi min sunan muhimmanci.

Baban Yara: Hajiya ban ƙi taki ba, amma suna ake nema. In goro bai yi ba to ɗaurin gwarmai.

Ɗan Damagaram: Gwarmai ai wanda ya ƙi kwancewa ne, su kuma so suke ya kwance da wuri.

Malam Mai Nahawu: Ni tambayata ita ce dole ne sai komai ya samu sunan Hausa? Abin da ba al'adarmu ba a bar shi da sunansa, kamar yadda muka bar karate da judo ba wanda ya mutu. Kuma ɗaurin Japan ɗin nan kuskure ne, ɗaurin Japanawa ya kamata a ce, ƙasa ba ta ɗauri.

Ɗan Damagaram: Malam to ɗinkin Kano fa? Kano ce ta ɗauki allura? Ku dai in magana ta fito daga Nijar sai kun samo mata gyara.

Malam Mai Nahawu: Haba, ba haka ba ne, Hausar Damagaram ai ba mai raina ta.

Baban Yara: Shi ya sa nake cewa goro, namu ne, ba rigimar Japan ko Japanawa. Mu ne kullum masu aro, yaushe za a ara a wurinmu?

Mai Fassara: Jama'a lokaci fa. Igiyar ma ban gama da ita ba, ta zaren tsiro suke amfani da ita, kaurin milimita 6, tsawon mita 7 zuwa 8, na rubuta igiyar rama don ita ta fi kusa a wurinmu.

Anti Nas: Rama ta yi. Sunan kuma ka sa ɗaurin ado, tunda ba kamu ba ne ba hukunci ba.

Malam Mai Nahawu: Za a ɗauka ɗaurin ɗankwali ake nufi.

Mai Fassara: To ga abin da zan yi. Karon farko zan rubuta shibari, ɗaurin ado da igiya irin na Japan, daga nan sai shibari kawai. Darasin farkon nan kuma ɗaurin da ba ya zargewa, Anti ki yi haƙuri kalmar ta shiga amma da korewa.

Anti Nas: Hakan ya yi, in dai ba a cire "ba ya" ɗin ba.

Baban Yara: Ka yi yadda ka ga dama. Amma inda aka nuna na zamanin Edo ɗin ka sa min ɗaurin goro.

Mai Fassara: Wannan na sa maka.