"Suna linzami ne": ta hau kan Ibraniyawa da Farisiyawa?

Ɗan Funtuwa: Salamu alaikum. Wani ya ce mini Ba'ibrane da Bafarisiye ma'anarsu ɗaya, wato wanda ya ware daga mutane, har ya kafa hujja da "suna linzami ne". Masana, karin maganar ta zauna a nan?

Malam Ilu: Wa alaikumus salam. Ma'anar ta yi kusa, amma saiwa daban-daban ce. Ibri, wato Ba'ibrane, daga haruffan ainun, ba, ra yake, ƙetarewa, kamar abara a Larabci. A littafin Farawa na Attaura, 14:13, aka fara kiran Ibrahim da shi, ana fassara shi da mutumin ƙetaren kogi, wato Furat. Wasu kuma ga kakansa Eber suke jingina shi. Farisiyawa kuwa, wata ƙungiyar addini ta Yahudawa, daga ferushim ne, keɓaɓɓu, kuma ƙungiyar ba ta bayyana ba sai wajen ƙarni na 2 kafin haihuwar Annabi Isa.

Maman Ummi: Allah gafarta Malam, ai ko a hakan linzamin ya ja. Tsoffin malaman Yahudawa da kansu sun ce an kira Ibrahim Ibri ne don duk duniya tana gefe ɗaya, shi yana gefe ɗaya. In wannan ba warewa ba ce, mece ce?

Malam Ilu: Hajiya, wannan tafsiri ne da ya zo daga baya, ba asalin kalma ba. Ga kuma inda linzamin ya tsinke: Hillel, babban malamin Farisiyawa a zamanin Sarki Hirudus, shi ya ce "kada ka ware kanka daga jama'a", da saiwar da aka ciro sunansu ma ya faɗe ta. Yosifas, marubucin tarihin Yahudawa, ya ƙiyasta Farisiyawa sama da 6,000, kuma ya ce talakawa na bayansu. Masu warewar gaske Esiniyawa ne, wata ƙungiyar Yahudawa daban, su sama da 4,000, waɗanda ake danganta wa littattafan da aka fara ganowa a Kumran, kusa da Tekun Gishiri, a 1947.

Ɗan Funtuwa: To me ya sa aka ce musu keɓaɓɓu?

Malam Ilu: Tsantseni kan tsarki da abinci da zakkar amfanin gona. Akwai masu ganin ma abokan hamayya ne suka laƙaba musu.

Baba Tela: Ku yara kun yi nisa. Mu da muka taso, ana faɗin karin maganar ne in za a raɗa wa jariri suna, ko in an ga mai suna Haƙuri ta haƙura. Ba a ɗora ta kan al'umma guda.

Maman Ummi: Baba, har laƙabin da maƙiyi ya sa ba ya ja?

Baba Tela: Wannan zambo ne, 'yata, ba suna ba.