Neman kalma: me za a kira "reducción" na fada-fadan Jesuit a Faragwai?

Mai Shiri: Assalamu alaikum malamai. Jibi zan naɗi shirin tarihi a rediyo kan fada-fadan Jesuit, wato limaman wata ƙungiya ta cocin Katolika, a ƙasar Faragwai ta Kudancin Amurka zamanin mulkin Sifaniya, amma kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya: reducción ta Sifaniyanci. Sunan garuruwan da suka tara ƙabilar Gwarani ke nan tun daga 1609, har suka kai 30, mutanensu wajen 140,000 a 1732. Wanda ya fara fassarar ya sa "ragewa". Alhali ba a rage kowa ba, tattaro su aka yi aka zaunar a gari mai coci da dandali a tsakiya.

Malamin Tarihi: Ribaɗi. Irin na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Wurno: gari a bakin iyaka, a zaunar da mutane, a koyar da addini da sana'a, a tsare ƙasa. Gwarani ma sun riƙe bindiga. A 1641 suka fatattaki mafarautan bayi na Sao Paulo a Mbororé.

Hajiya Mai Alli: Malam, kamar ta yi, amma kunne ba zai ɗauka ba. Musulmi zai ce an ba coci kalmarsa, Kirista zai ce an sa wa fada rawani.

Ɗan Zazzau: Ni rinji na gani. Su noma ganyen shayinsu na mate, su yi kiwo, su yi saƙa, mabuɗin rumbu yana hannun fada.

Malamin Tarihi: A'a ɗan'uwa, rinji na bayi ne. Waɗannan an keɓe su daga aikin tilas na Turawan gonaki, haraji suke biya wa sarkin Sifaniya. Tsarin nomansu ma gandu da gayauna ne: gonar jama'a da suke kira ta Allah, wadda ake ciyar da marayu da gwauraye daga cikinta, sai ta kowane magidanci. Ban ce 'yanci suke da shi cikakke ba. Ƙararrawa ke ta da su, ita ke kwantar da su.

Baba Nahawu: Duk kun bar gini kuna tone-tone. Tarkata muna da ita, a ce tarkatau, kamar gagarau. Wurin da aka tarkato mutane. Hausa tsantsa, ba aro.

Hajiya Mai Alli: Baba, a gafarce ni, tarkata tana tafiya da tarkace. Mutanen da suka gina coci na dutse, suka buga littattafai da harshensu, ba na son a kira garinsu da abin da ke tuna shara.

Baba Nahawu: 'Yata, da Bature ne ya ƙirƙiro ta da kun tafa masa. Ribaɗin naku ma ai Larabci ne. Kullum sai mun miƙa ƙoƙon bara?

Ɗan Zazzau: To littafi da alƙalami fa, Baba? Mu mayar musu?

Baba Nahawu: Wanda ya shekara ɗaruruwa a gida ya zama ɗan gida. Fada Montoya, ɗaya daga cikin fada-fadan nan, ya buga ƙamus na Gwarani a 1639, yau harshen na hukuma ne a Faragwai tare da Sifaniyanci. Mu kuwa kalma ɗaya ta gagare mu ƙira.

Malamin Tarihi: Iyaye mata ne suka raya Gwarani a gidaje, Baba, ba ƙamus kaɗai ba. An kori fada-fadan da umarnin sarki na 1767, garuruwan suka watse, harshen bai mutu ba.

Mai Shiri: Malamai, don Allah, jibi ne fa. Yaya "garuruwan tsugunarwa"? Mai sauraro ya san tsugunar da jama'a, kuma a ciki akwai alamar wani ne ya zaunar da su.

Hajiya Mai Alli: Ta yi. Karon farko ki ce "garuruwan tsugunarwa na 'yan mishan", daga nan "garuruwan mishan" ya isa.

Ɗan Zazzau: Na yarda, amma ki faɗi zancen mabuɗin rumbu a cikin shirin.

Baba Nahawu: Bayani ne wannan, ba suna ba. Ki yi aikinki da shi tunda lokaci ya ƙure. Ni a darasina tarkatau zan rubuta.

Mai Shiri: Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Saura kuma yadda zan kira ƙungiyar tasu, don edita ya soke "ɗariƙa".